Gawar da Ta Tsaya a Gaya

Ina jin abin da kuke faɗa a fadar nan duk lokacin da na wuce da farar motata. Wai Baba Isufu ya samu aikin hutu, fasinjansa ɗaya ne, ba ya ciniki, ba ya cewa a tsaya zai kama ruwa, ba ya zagin direba. Ku masu taksi kuna ganin ku ne kuke shan wahala, kuna kewaya Yamai da rana tsaka, daga Dar es Salam zuwa Wadata, daga Wadata zuwa Harobanda. To ku matsa mini a benci, ku zuba mini shayi na biyu, kada ku cika sukari. Ɗaukar gawa zuwa garinsu sana'a ce, kuma ta kusa ƙarewa ba wanda ya koya daga hannuna.

Aikina na farko gawar wani Bagurme ce, mai lambu a bakin kogi. Lokacin ina saurayi, ban daɗe da zuwa daga Tawa ba, ina aparanti, yaron mota, wajen Baba Sumana, Bazabarme ne na Saga, yana da gonar shinkafa da wata tsohuwar mota bashe mai buɗaɗɗen baya da ya yi wa rumfa. 'Yan'uwan mamacin suka ce a kai shi Kancari, cikin Burkina. Na ɗauka zan zauna gaba kamar kullum. Baba Sumana ya nuna mini baya, ya ce:

"Can za ka zauna, kusa da kansa. Ka ɗora tafin hannunka a kan makarar, kada ka ɗauke sai mun isa."

Na ce, "Baba, ai ba zai gudu ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hannunka ne zai koyi tuƙin."

Daga Yamai zuwa Torodi, zuwa Makalondi, har muka tsallaka iyaka, hannuna yana kan itacen nan. Duk ramin da aka faɗa sai na ji shi a kafaɗata. Duk birkin da aka taka sai na ji mutumin ya so ya zame gaba. A nan na gane mai rai yana riƙe kansa a mota, yana dafa ƙafa, yana kama kujera, shi kuwa wannan ya bar maka komai. Na daɗe ina zama a baya kafin Baba Sumana ya yarda na taɓa sitiyari da gawa a ciki.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Akwai buhunan yashi ƙanana da ake tokarawa gefe da gefe don kada gawa ta mirgina a kwana. Akwai igiya mai laushi, ta auduga, ba ta leda mai yanka likkafani ba. Akwai ƙanƙara, manyan bulo, ana naɗe su cikin buhu da garin katako don su daɗe. Ba a ɗora ƙanƙara a jikin mutum. Ƙarƙashin makara ake jera ta da gefuna, a shimfiɗa bash, wato tamfol, yadda ruwan zai bi ya fita ta wata 'yar huda a bayan mota. In ka kai wa mutane ɗan'uwansu da jiƙaƙƙen likkafani, ba za su ce maka komai ba, amma ka tozarta su. Akwai kafur da turaren wuta. Ana rage wa tayoyin baya iska kaɗan don motar ta yi laushi. Rediyo kuwa, Baba Sumana cire ta ya yi gaba ɗaya, ya toshe ramin da katako.

Sannan ka san wa ka ɗauko. Musulmi gaggawa yake so. An yi masa wanka, an suturta shi, ka kwantar da shi a gefensa na dama, ka yi ta tafiya, domin mutane suna can sun haƙa kabari suna duban hanya. Kirista yakan zo cikin akwati, an yi masa allurar hana lalacewa a likita, ba ya bukatar ƙanƙara, amma akwatin yana da nauyi kuma masu rakiya suna da yawa. Na taɓa kai wata malamar lekol, makarantar boko, 'yar Dogondutsi da ta auri ɗan Benin, mijin ya ce a kai ta wajen danginsa. Matan cocinsu suka cika wata bas suna bin mu a baya suna waƙa da Hausa. Fastonsu ya zauna gaba tare da ni, ya ce, "Malam, in lokacin sallarka ya yi ka tsaya, mu ma za mu jira." Na tsaya a Dosso na yi azahar, su kuma suka kewaye motar suna yi mata inuwa da zannuwansu.

Masu rai su ne rabin aikin. Wanda ya fi kusa da mamaci shi kake sa wa ido. Kada ka sa uwa a baya. Kada ka bar mutum biyu da ke jayayyar gado su zauna kujera ɗaya. In wani ya fara kuka kada ka ba shi haƙuri da surutu, miƙa masa ruwa ka dubi hanya. Kuma ba ka tsayawa a kasuwa ka sayi tsire kana ci a gaban mutane, ko da yunwa za ta kashe ka.

Iyaka kuwa ilimi ne daban. Takardar likita, ta magajin gari, da lase-fase, takardar izinin ƙetare iyaka da gawa, duk ka haɗa tun a Yamai, ka duba kowane ɗan rakiya yana da kartinsa na shaida da karne, ɗan littafin allurar rigakafi. In ka isa shinge ba ka tsayawa a layin manyan kamiyo masu ɗaukar kaya. Ka ajiye mota a inuwa, ka sauka da ƙafa, ka cire tabarau, ka gaida jandarma a hankali ka ce, "Gawa ce." Yawancinsu sukan miƙe tsaye. 'Yan duwan, masu binciken kaya, wani lokaci sai sun duba, kuma ba na ganin laifinsu, don an taɓa samun marasa tsoron Allah da suka cika akwati da ƙwayoyi. Aikinka shi ne ka janye dangi gefe tukuna, ka buɗe ƙofa ɗaya kawai, ka tsaya ka kare da jikinka. In mace ce ta rasu, ka roƙa a nemo ma'aikaciya mace. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, a bakin Baba Sumana na ji.

A shekarun da hanya take lafiya, nakan taka ƙasa uku a wuni ɗaya. In tashi bayan asuba, in wuce Dosso da hantsi, in isa Gaya, in hau gada, sai ga ni a Malanbil cikin Benin. Gaya da Malanbil gari ɗaya ne da kogi ya raba. Yarensu ɗaya, Dandanci, suna auren juna, mace takan tsallaka ta sayo albasa ta dawo kafin tuwonta ya nuna. In na sauke amana aka yi jana'iza, sai in wanke motar a bakin ruwa, in komo Gaya, in leƙa Kamba cikin Najeriya in cika tanki da esansi mai sauƙi, in kama hanyar gida. Masu shingen ƙasashen uku duk sun san farar motar. Wani ma tun daga nesa yake ɗaga sandar.

Sai shekarar da aka rufe gada.

Hanyar Burkina ta riga ta lalace da 'yan bindiga tun kafin nan, ba mai bin Torodi da gawa sai wanda ya shirya zama ita. Ta Gaya ce ta rage mana. Da aka tare gadar da manyan kwantena, aka zuba sojoji, sai mutane suka koma kwale-kwale. Fasinja ya sauka daga bas a wannan gaɓa, ya shiga jirgi da kayansa, ya hau wata bas a waccan. Mu ma muka bi sahu. In kai gawa bakin ruwa, masu jirgi su karɓa, dangi su tarbe ta a can. Ban so ba, don ba a yi makara domin jirgi ba, amma ana isa.

Wata safiya cikin damina wata ma'aikaciyar jinya mai suna Ramatu ta zo ƙofar gidana tun ban karya ba. 'Yar Malanbil ce, aure ya kawo ta Yamai. Mahaifiyarta, Inna Bibata, ta tsallako a jirgi ta zo da ƙafarta don a duba mata ƙoda, ta kwanta a likita, Allah ya yi mata cikawa da asuba. Ramatu ta tsuguna ta gaishe ni, idonta a bushe, irin na wanda ya saba ganin mutuwa a wurin aiki. Na yi mata gaisuwar rashi irin ta Zabarmawa, na ce, "Fonda tilas."

Ta amsa, ta ce, "Baba, mahaifina yana can, tsoho ne, ƙafa ta hana shi rakota. Da za ta taho ya ce mata kada ta daɗe. Yanzu ya ce abu ɗaya yake roƙo, a kawo masa ita ya sallace ta da kansa."

Na ce, "Takardu fa?"

"Mijina yana can yana bin su. Kafin ka sa ƙanƙara an gama."

Haka aka yi. Mata suka yi mata wanka, aka suturta ta, na jera buhunan yashi, na ɗaure. Ƙaramar mace ce, ba nauyi. Ramatu ta zauna gaba, mijinta da wani ƙanensa suka zauna baya. Muka bar Yamai rana ba ta yi zafi ba. Hanya ta yi kyau har Dosso. Daga nan ruwan sama ya ɓata wurare, na riƙa sauka gefen titin gudron ina lallaɓawa. Wayar Ramatu ba ta huta ba. Tsohon ne yake kira, Alhaji Gado sunansa, kuma kullum tambaya ɗaya: kun kai ina? Ta ce masa an wuce Dosso. Ya ce an gama kabari, kusa da na uwarsa. Ta ce an kusa Gaya. Ya ce ya sa an ɗauke shi a kujera an kai shi bakin ruwa, yana nan yana jira.

Tun kafin mu gangara mashigar jirage na san akwai matsala. Mutane sun yi cincirindo, kaya jibge a ƙasa, buhunan masara, katifu, babura, ba kowa a kan ruwa. Kogin ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itatuwa. Jiragen duka an janyo su an ɗaure. Na sauka na nemi Sarkin Jirgi, wani dogon Badande da muka saba. Ya kama hannuna ya ja ni gefe.

Ya ce, "Isufu, yau ka zo a rana mara kyau. Jiya jirgi ya kife da mutane a tsakiya, har yanzu ana neman wasu. Hukuma ta ce ba mai saka jirgi a ruwa sai ya sauka."

Na ce, "Gawa ce, Sarki. Mace ce. Mijinta yana can gaɓar yana jira."

Ya dubi motar, ya dubi ruwan. Ya ce, "Ko ba hukuma, dubi kogin nan da idonka. In na ba ka yarana biyu da jirgi, gawa nawa kake so mu nema gobe?"

Ban sake roƙonsa ba, don na ga ruwan.

Muka juya muka nufi gada. Na ajiye mota a inuwa, na sauka da ƙafa, na cire tabarau, kamar yadda aka koya mini. Shugaban masu tsaron saurayi ne, bai fi ku ba. Ya saurare ni har na gama, ya karɓi takardun ya karanta, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Baba, takardunka sun cika. Amma gadar ba ni na rufe ta ba."

Na ce, "Ba da mota ba, ɗana. Mu huɗu mu ɗauki makarar a kafaɗa, mu raɓa gefen kwantena, mu ajiye ta a tsakiya. 'Yan'uwanta su zo su ɗauka. Ba wanda zai taka ƙasar wani."

Ya shiga ɗakinsu ya yi waya, muna jin yana cewa "wi, mon komanda" yana maimaitawa. Da ya fito bai dube ni ba, Ramatu ya duba. Ya ce, "Madam, ki yi haƙuri. Na tambaya. An ce ko mutum ɗaya." Sai ya cire hularsa ya tsaya a gefen motar.

Ƙanen mijin ya ce a zaga ta Kamba. Na ce masa can ma a rufe take, kuma ko a buɗe take takardarmu ta Benin ce. Ya ce to a kwana a Gaya, wataƙila ruwa ya sauka gobe. Na buɗe bayan motar na duba. Ruwa yana ɗiga ta hudar ba tsayawa, bulon ƙanƙarar sun koma kamar sabulun wanka. Na aika aka zaga garin neman wata, aka dawo da 'yan ƙulle-ƙullen leda na masu sayar da ruwan sanyi, domin wutar lantarki ta yi kwanaki tana wasa. Wannan ba ya riƙe mutum. Ramatu ta zo ta tsaya kusa da ni. Aikinta ya sa ba sai na yi mata bayani ba. Ta sa hannu ta taɓa ƙafar mahaifiyarta ta cikin likkafani, ta janye.

Ta ce, "Zuwa yaushe, Baba?"

Na ce, "Kada ta wuce la'asar."

Ta kira tsohon. Da Dandanci suka yi magana, ina tsintar kaɗan. Ya ce a sake roƙo. Ta ce an roƙa. Ya ce shi zai shiga jirgi ya zo. Ta ce can ma ba wanda zai ɗauko shi. Sai ya ce a ba direba.

Na karɓa na yi sallama. Da Hausa ya yi mini magana.

"Direba, kai ka ɗauko ta?"

"Ni ne, Alhaji."

"Kana ganin waccan babbar bishiyar da ke gaɓarmu, kusa da farin gini?"

Na duba. Kogin yana da faɗi a wurin, amma na hango ta. Na ce ina gani.

Ya ce, "Ƙarƙashinta nake. Ka juyo da motar ta fuskanci nan, ka buɗe ƙofar baya. Ba zan gani ba, idona ya mutu. Amma ka buɗe."

Na koma da baya har bakin gangare, na buɗe ƙofofin biyu. Mutanen da ke jiran jirgi suka gane abin da ake ciki, suka daina surutu, maza suka taso. Muka tsaya haka ɗan lokaci, wayar tana hannuna, ina jin numfashinsa. Daga baya ya ce, "To. Ku kai ta."

Mutanen Gaya suka yi abin da ya kamata. Sarkin Jirgi ya aika aka kira liman, yaransa da ba su da aiki ranar suka ɗauki diga da shebur. Fasinjojin da ruwa ya tare, waɗanda ba su taɓa jin sunanta ba, suka cika sahu, har da saurayin nan mai tsaron gada. Mijin Ramatu ya riƙe waya sama kusa da liman, tsohon yana can da mutanensa sun yi nasu sahun a bakin ruwa suna bin kabbara. Aka rufe ta a maƙabartar Gaya kafin rana ta yi ja. Kabarin da aka haƙa a Malanbil, an ce mini, da yamma suka mayar da ƙasarsa.

A hanyar dawowa mijin Ramatu ya riƙa ce wa matarsa "kala suru" lokaci lokaci, wato sai haƙuri. A duk shekarun da na yi a sana'ar, ranar ce kaɗai aka ba ni mutum aka ce in kai shi gida ban kai ba.

Daga shekarar nan aikin ya karye. Baƙin da ke Yamai suka daina cewa a kai su gida, in mutum ya rasu sai a rufe shi a nan. Abokan sana'ata biyu sun mai da motocinsu na ɗaukar burodi. Ni yanzu daga likita zuwa maƙabarta nake yi, tafiyar da ko shayinku bai gama tafasa ba na dawo. Ɗana da na so ya gaje ni ya sayi babur. Buhunan yashi suna nan a zaure, yara suna zama a kai. Wanda zai san yadda ake jera ƙanƙara, da yadda ake yi wa ɗan duwan magana, da wanda ake sawa gaba da wanda ake sawa baya, ban ga shi ba, kuma ban ga laifinku ba, don ba hanyar da za ku koya a kanta.

Bayan waccan daminar ta wuce na sake zuwa Gaya, na kai wani ɗan garin da ya rasu a Yamai. Da aka gama jana'iza ina rufe mota, sai na ga wani tsoho zaune a kan tabarma a inuwar katangar maƙabarta, da sanda da buta a gefensa. Wani ya raɗa masa wani abu, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ina direban farar mota?"

Muryar na gane. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ashe da ruwa ya sauka aka buɗe jirage, shi ne cikin na farko da suka tsallako, a kujera aka ɗauko shi. Ya zo ziyarar kabari, ya ƙi komawa. 'Ya'yansa sun yi magiya har sun gaji, suka kama masa ɗaki a bayan masallacin unguwar, wata jikarsa tana dafa masa abinci. Ya bar gidansa, da rumfarsa ta kasuwa, da ƙasarsa.

Na ce, "Alhaji, ka yafe mini. Amana ka ba ni, ban isar ba."

Ya laluba ya kama hannuna. Ya ce, "Ka kawo ta inda hanya ta ƙare. Ragowar ba nisa, ni na ƙarasa." Sai ya nuna wani fili da sandarsa, gefen inda aka rufe ta, ya ce, "Na riga na yi magana da liman. Ni ba za a wahalar da kowa da mota ba."

Na zauna tare da shi har aka kira la'asar, na kama shi muka tafi masallaci a hankali.